Shekara 15 Ba Garma: Abin Da Ya Faru A Wata Gonar Masara

Yadda gonar take kafin a daina huɗa

Gonar da ruwan sama kaɗai ta dogara, kuma ba shimfiɗaɗɗiya ba ce. Kusan kashi biyu cikin ukunta tudu ne mai ɗan gangara, ƙasarsa ba ta da nauyi, tana saurin shan ruwa tana saurin bushewa. Sauran kashi ɗayan kwari ne mai laka, inda ruwa kan kwanta kwana biyu ko uku bayan mamako. Mai gonar gadonta ya yi, ya kuma gaji tsarin aikinta: masara kowace shekara, tarakta ta kife ƙasa da garma zuwa zurfin santimita 20 ko fiye, a bi da haro sau biyu, sannan a shuka.

Matsalar ta daɗe tana taruwa kafin ya ɗauke ta da muhimmanci. Daga ranar da aka yi huɗa zuwa ranar da masara za ta rufe ƙasa, gonar kan yi makonni a tsirara, kuma a daidai wannan lokacin ne ruwan farko mai ƙarfi ke sauka. Ruwan da ke fita daga gonar jajawur yake fita. Ƙananan kwazazzabai sun fara tsaga tudun, kowace shekara a cike su da garma, kowace shekara su sake buɗewa a wuri guda. A can saman tudun baƙar ƙasa ta tafi, wadda ke ƙarƙashinta ta bayyana, mai haske da tauri. Bayan kowane ruwa saman ƙasa kan yi ɓawo, har tsiro ya riƙa lanƙwashewa kafin ya huda shi. Da aka haƙa rami aka duba, sai aka tarar da wata shimfiɗa mai tauri daidai inda bakin garma ke tsayawa, saiwar masara na isa wurin ta karkata gefe. Ga kuma man tarakta da kwanakin aiki da ke tafiya kafin a jefa ƙwayar iri ɗaya.

Shuka ba tare da huɗa ba ba sabon abu ba ne a lokacin da ya yanke shawara. Tun bayan guguwar ƙura da ta kwashe ƙasar noma a tsakiyar Amurka cikin shekarun 1930 ake tuhumar garma, amma babu abin da zai maye gurbinta wajen kashe ciyawa sai da magungunan feshi suka fito. A 1962 wani manomi a jihar Kentucky, Harry Young, ya shuka masara a filin da bai huɗa ba. A shekarar ce kuma masu bincike biyu, Glover Triplett da David Van Doren, suka buɗe filayen gwaji a Wooster ta jihar Ohio, waɗanda har yau ba a daina binsu ba. Herbert Bartz ya fara a jihar Parana ta Brazil a 1972, maganin ciyawa na gilaifoset ya shiga kasuwa a 1974, daga nan tsarin ya bazu har ya zama shi ne mafi rinjaye a gonakin Ajantina.

Mai gonar ya ajiye garma gaba ɗaya, sai dai ya yi wani abu guda da ya sa wannan nazari ya yiwu. Ya ware wani ziri daga saman tudu har cikin kwari, wato zirin gwaji, ya ci gaba da huɗa shi kamar da, iri ɗaya, taki ɗaya, rana ɗaya, ana kuma auna girbinsa daban.

Shekara ta 1 zuwa ta 3: amfani ya ja baya

A shekarar farko ya bar karan masara da karmami duk a kwance, ya yi feshi, ya shiga da tsohon injin shukarsa. Injin an ƙera shi ne don ƙasa mai laushi. Bakinsa bai iya yanka karmamin ba, sai ya riƙa tura shi cikin ramin shuka, iri ya kwanta a kan busasshen ganye maimakon ƙasa mai danshi. Wasu layukan suka fito da giɓi, waɗanda suka fito kuma ba su fito tare ba. Injin girbi na bara ya zubar da tarkace a layi ɗaya mai kauri, kuma a ƙarƙashin wannan layin ƙasa ta yi sanyi da jiƙa, yabanya ta yi kwanaki a baya.

Bayan mako uku zuwa huɗu ganyen ƙasa ya fara yin rawaya, alamar ƙarancin naitirojin, alhali takin da aka sa bai gaza na zirin da aka huɗa ba. Dalilin a cikin karan yake. A karan masara, kabon ya ninka naitirojin kusan sau 57, ƙananan halittun da ke ruɓar da shi kuma abincin da ya dace da su shi ne mai kusan 24 bisa 1. Abin da suka rasa a kara sai su ɗebo daga ƙasa, su riƙe shi a jikinsu har sai sun mutu. Takin bai ɓace ba, amma a makonnin da masara ta fi buƙatarsa ba ya hannunta. Girbin wannan shekara ya gaza na zirin gwaji, kaɗan a tudu, sosai a kwari.

A shekara ta 2 ya ɗora laifin a kan karmami. Ya tattara shi ya ba dabbobi, ya ƙone ragowar a wani ɓangare, ya shuka a ƙasa fayau wadda ba a huɗa ba. Shuka ta yi sauƙi, layuka suka fito ɗas. Sai dai da ruwa mai ƙarfi ya sauko, babu abin da ya tare ɗigonsa. Ƙasar da ba a sassauta ba, ba a kuma rufe ba, ta yi ɓawo fiye da wadda aka huɗa, ruwa ya riƙa gudu a kanta. Da aka sami tsaikon ruwa a tsakiyar damina, wannan ɓangaren ne ya fara naɗe ganye. Ita ce shekara mafi muni a duk tsawon gwajin.

A ta 3 ya mayar da karmami, ya ƙara yawan yuriya, ya watsa ta a sama. Ruwa bai zo da wuri ya shigar da ita ba, wani kaso ya tashi sama a matsayin iskar amoniya, kamar yadda yuriya ke yi idan ta zauna a kan tarkace mai danshi. Kuɗin taki ya ƙaru, ganye bai yi kore yadda aka zata ba. A ƙarshen damina kuma cutar tabon ganye mai launin toka ta bayyana, wadda ƙwayarta ke kwana a karan bara ta hau sabuwar masara. A zirin da aka huɗa, inda aka binne karan, cutar ba ta yi ƙarfi ba.

Waɗannan shekaru uku ba su saɓa wa abin da aka gani a wasu wurare ba. Wani nazari da Cameron Pittelkow ya jagoranta, wanda mujallar Nature ta wallafa a 2015, ya haɗa sakamakon bincike 610 daga ƙasashe 63. A jimlace, rashin huɗa ya rage amfani da kashi 5.7 cikin 100. Inda aka daina huɗa kawai, ba a bar tarkace ba, ba a kuma sauya abin shukawa ba, raguwar ta kai kashi 9.9.

Shekara ta 4 zuwa ta 7: sauye-sauye huɗu

Malamin gona da ya zo dubawa bai ce a koma garma ba, bai kuma ce a yi haƙuri kawai ba. Ya tambayi abin da aka shuka a filin shekaru goma da suka wuce, aka ce masara. Daga nan gyaran ya fara.

An sa wa injin shuka faifai mai kaifi a gaba da ke yanka kara, da ƙananan ƙafafu masu haƙora da ke share tarkace daga bakin layi, da taya mai danne ƙasa a kan iri. An sa wa injin girbi abin baza tarkace ko'ina. Takin farko an daina watsa shi, ana binne shi lokacin shuka, santimita 5 a gefen iri da santimita 5 ƙasa da shi, sauran naitirojin kuma a tsaga ƙasa a zuba bayan masara ta tashi.

Sauyi na huɗu ya fi sauran nauyi, domin ya taɓa kuɗin shiga. An raba gonar uku: masara, waken soya, alkama, suna zagayawa. Bayan girbin alkama ana shuka cakuɗen tsirrai masu rufe ƙasa, har da dangin wake, ba don a girbe su ba, a kashe su kafin shuka ta gaba su kwanta a wurin. Masarar da ta biyo bayan waken soya ba ta yi rawaya irin ta shekarar farko ba, cutar tabon ganye kuma ta lafa, tunda ƙwayarta ba ta samun masara a fili ɗaya shekara biyu a jere. Wannan haɗin shi ne abin da Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ke kira noma mai kiyaye ƙasa: rage taɓa ƙasa, rufe aƙalla kashi 30 cikin 100 na samanta, da juya amfani iri uku ko fiye. A nazarin da aka ambata, inda aka haɗa ukun, raguwar amfani ta sauko zuwa kashi 2.5.

An kuma ƙayyade hanyoyin da tarakta da motar ɗaukar kaya za su riƙa bi, aka hana shiga gona idan ƙasa na jiƙe. A da garma kan share sawun taya kowace shekara. Yanzu duk inda aka danne, a danne zai zauna.

Zuwa shekara ta 6 girbin tudu ya kamo na zirin gwaji. Na kwari bai kamo ba. Wata sabuwar ɓarna ma ta ɓullo a can: dodon koɗi marar ƙoƙo, da ke ɓuya a ƙarƙashin karmami mai danshi da rana ya fito da dare ya cinye tsiron soya.

Shekara ta 8: tsaikon ruwa

Ruwa ya ɗauke kusan mako uku daidai lokacin da masara ke fitar da fure, lokacin da ba ta jure ƙishi. Masarar zirin gwaji kan naɗe ganye tun hantsi. Ta gefenta, taku biyu kacal, sai bayan azahar take nuna alama. Idan aka ɗaga karmami aka sa yatsa, akwai sanyi da danshi a ƙasa. A zirin kuwa ƙasar ta tsattsage.

Malamin gona ya yi gwaji biyu masu sauƙi a gaban mai gonar. Ya kafa guntun bututu mai faɗi a ƙasa, ɗaya a kowane gefe, ya zuba ruwa daidai wa daida. A gefen da ba a huɗa ba ruwan ya nutse tun ana tsaye, a ɗaya gefen ya daɗe a kwance. Sannan ya ɗauko busasshen hoge daga kowane gefe, ya ɗora su a kan raga cikin kwalabe biyu na ruwa. Hogen zirin gwaji ya fara zubewa nan take, ruwan ya gurɓace. Ɗayan ya riƙa fitar da ƙananan kumfa, ya jiƙe, amma bai warwatse ba. Da aka fasa shi aka ga ƙananan saiwoyi da zaren farin naman gwari sun ɗaure ƙwayoyin ƙasar, ga ramukan tana masu faɗin tsinke har da na fensir. A saman ƙasa kuma akwai ƙananan tarin ganye da tana ta jawo bakin raminta. Irin waɗannan ramuka ne garma ke rushewa kowace shekara, su ne kuma hanyar ruwa da saiwa zuwa ƙasa.

A wannan shekara tudun da ba a huɗa ba ya wuce zirin gwaji da rata mai kyau, karon farko ke nan. Nazarin 2015 ya sami irin haka: a wurare masu ƙarancin ruwa da ke dogaro da damina, haɗa ƙa'idodin uku ya ƙara amfani da kashi 7.3. Kwazazzaban tudun, da aka shuka musu ciyawa mai riƙe ƙasa, ba su sake buɗewa ba.

Shekara ta 9 zuwa ta 11: tsami da ciyawa

Gwajin ƙasa da ake yi duk bayan 'yan shekaru bai nuna matsala ba, amma waken soya ya fara tsumburewa a wasu wurare, ƙulle-ƙullen saiwarsa kuma sun ragu. Kuskuren a wajen ɗibar samfur yake. Ana haƙa santimita 20 a cakuɗa, kamar yadda ake yi a gonar da garma ke cakuɗawa. Da aka ɗebi santimita 5 na sama daban, na ƙasa daban, sai aka ga gonar ta zama hawa-hawa. Saman ya yi tsami ƙwarai, domin takin naitirojin na tsamar da ƙasa kuma shekara da shekaru a wuri ɗaya yake sauka. Idan ma'aunin tsami, wanda ke sauka yayin da tsami ke ƙaruwa, ya sauko ƙasa da 5.5, sinadarin alminiyam na narkewa ya riƙa ƙona bakin saiwa. Sinadaran taki na fosfaras da fotasiyam su ma sun taru a sama, ƙasan kuma ya rage.

An watsa garin farar ƙasa a sama, kaɗan-kaɗan a kai a kai maimakon lodi ɗaya, tunda ba mai cakuɗa shi kuma saukarsa a hankali take. Fosfaras an koma binne shi a layi. Wannan na biyun ba don amfanin gonar kaɗai ba ne. Fosfaras da ya taru a fatar ƙasa yana narkewa ya bi ruwa ko da ƙasar ba ta motsa ba, kuma yana cikin dalilan da masu bincike ke ambatawa game da dawowar gansakuka mai guba a tafkin Erie da ke tsakanin Amurka da Kanada, wadda a Agustan 2014 ta hana mutum fiye da 400,000 a birnin Toledo na jihar Ohio da kewaye shan ruwan famfo na kusan kwana uku.

Ciyawa ta fi wahalar sha'ani. Shekara tara ana fesa gilaifoset, wani lokacin sau biyu ko uku a damina, domin yana da araha kuma yana kashe kusan komai. A shekara ta 10 aka ga wasu tsirarun ciyayi a tsaye kore shar a tsakiyar matattu. Mai gonar ya ƙara ƙarfin maganin, bai yi ba. Ya sake fesawa, bai yi ba, ciyawar ta yi iri ta zubar. Badi ta zama faci-faci. An riga an san wannan hanya: a 1996 aka fara tabbatar da ciyawar da ta gagari gilaifoset a Ostireliya, a 2000 aka sami wata a gonakin soya marasa huɗa a jihar Delaware ta Amurka. Feshin ba ya koya wa ciyawa juriya, zaɓe yake yi. Yana kashe masu rauni ya bar wa 'yan ƙalilan masu jurewa fili.

Abin da ya rage ta, ba tare da ya kawar da ita ba, shi ne haɗa magunguna masu hanyar kisa daban-daban, sa maganin da ke hana tsiro tun kafin ciyawa ta fito, ƙara kaurin tsirrai masu rufe ƙasa don su hana ƙananan iri samun haske, da bin facin da hannu a tuge kafin ya yi iri. Kuɗin maganin ciyawa ya haura, ya cinye wani ɓangare na abin da aka rage a man tarakta.

Shekara ta 12: kwarin

Shekara goma sha ɗaya kwarin na bayan zirin gwaji, in ban da shekarar tsaikon ruwa. Laka ce mai riƙe ruwa, karmami kuma ya hana ta bushewa. Ana makara wajen shuka, iri kan ruɓe, naitirojin kan tsere a matsayin iska idan ƙasa ta cika da ruwa. A Ohio ma haka ta kasance: a ƙasar Wooster mai tsane ruwa rashin huɗa ya yi kyau, a lakar Hoytville kuwa masarar da ake maimaitawa ba huɗa ta gaza wadda aka huɗa a shekarun farko.

Mai gonar ya yi jinkirin taɓa wurin, don an sha gaya masa cewa huɗa ɗaya na rushe aikin shekara goma. Gwaje-gwajen da aka yi a Ostireliya da jihar Nebraska ta Amurka ba su goyi bayan wannan tsoro ba, sun nuna huɗa sau ɗaya bayan shekaru ba ta barin illa mai ɗorewa a yawancin abin da aka auna. Aka gyara magudanar ruwa. Aka shigar da farar ƙasa da haro sau ɗaya a ɓangaren da ya fi tsami. Daga nan aka koma sassauta siririn layin da iri zai kwanta kawai, tsakanin layuka kuma a bar shi a rufe. Layin ya riƙa bushewa da wuri, dodon koɗi ya ragu, cikin shekara biyu kwarin ya kamo zirin gwaji.

Shekara ta 15: awon ƙarshe

An haƙa rami a ɓangarorin biyu har zurfin santimita 60. A inda ba a huɗa ba, santimita 5 zuwa 10 na sama sun yi baƙi, suna marmashewa a hannu, ruɓaɓɓun abubuwa a ciki sun fi na zirin gwaji nesa ba kusa ba. Tsakanin santimita 10 da 30 kuwa zirin gwaji ne ya ɗan fi, tunda garma na kai tarkace can. Da aka haɗa lissafin duka zurfin, ratar kabon ta ragu sosai, ko da yake ba ta ɓace ba. Wannan ya dace da abin da David Powlson na cibiyar binciken noma ta Rothamsted a Birtaniya da abokan aikinsa suka rubuta a 2014, cewa yawancin abin da ake gani a matsayin ƙarin kabon sauyin wuri ne, kuma an zuzuta gudummawar rashin huɗa wajen rage ɗumamar yanayi. Tsohuwar shimfiɗa mai tauri tana nan, amma saiwa da tana sun huhhuda ta.

Girbi a shekara mai ruwa daidai kusan ɗaya ne da zirin gwaji. A shekara mai tsaiko ya fi. Mai da kwanakin aiki kafin shuka sun ragu. Ruwan da ke fita daga tudu ya daina yin ja.

Hukunci

Ajiye garma shi kaɗai bai gyara gonar nan ba, shekara ta 2 ta isa shaida. Aikin da garma ke yi guda huɗu ne: kashe ciyawa, binne cuta, cakuɗa taki, da busar da ƙasa don shuka. Duk wanda aka bari ba a nemo masa madadi ba ya dawo a matsayin matsala, wani a shekarar farko, wani sai bayan shekara goma. Da an gyara injin shuka an kuma fara juya amfani tun ranar farko, yawancin asarar shekaru ukun farko da ba a yi ta ba. Da an riƙa ɗibar samfur hawa biyu ana kuma sauya maganin ciyawa, da matsalolin shekara ta 9 zuwa ta 11 sun zo da sauƙi.

A ganina ribar da ba ta da gardama ita ce ƙasa ta zauna a wurinta, ruwa kuma ya shiga cikinta. Wanda ya shiga tsarin don neman ƙarin buhu a kowace shekara zai yi takaici, wanda kuma aka yi wa alkawarin tara kabon mai yawa ya nemi a auna masa har ƙasa, ba fatar sama kawai ba. Akwai kuma tsadar da ba a cika faɗa ba: karan da aka bari a gona abincin dabbobi ne da aka hana su, kuma manomin da ba shi da wani abin ciyarwa ba zai iya barinsa ba komai kyawun hujjar. Mai wannan gona ya iya, shi ya sa tudunsa ya farfaɗo. Kwarin kuwa bai taɓa dacewa da rashin huɗa zalla ba, kuma awon zirin gwaji ya nuna hakan tun shekara ta 6. Shekara shida da aka ƙara ana jira a can asara ce da tsoron garma ya jawo. Ciyawar da ta gagari feshi har yanzu tana gonar, kuma kowace damina sai an sake tsara yadda za a tunkare ta.